Ranar da Na Koyi Cewa Albarka

Mahaifiyata, da muke kira Inna, ta fi shekara 30 tana matsar man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli a Tudun Wadan Zariya. Ba ta taɓa zama a aji ba, amma ban taɓa ganin wanda ya ci mata sisin kwabo a ciniki ba. Ni kuwa da digirina, da Turancina, da firinta mai aljihu biyu, sai da na shekara biyu ina cin uwar kuɗina a birnin Houston ban sani ba, ina ta murna wai kasuwa ta buɗe.

Na biyo maigidana Amurka a 2015. Muka zauna a Alief, kudu maso yammacin Houston, unguwar da in ka bi titin Bissonnet za ka ga shagunan garin rogo da manja kamar kana Sabon Gari. Shekara biyar ina aikin dare a gidan kula da tsofaffi, ina ɗaga mutanen da suka ninka ni nauyi, har bayana ya fara ƙorafi. Wata abokiyar aikina 'yar Ghana ce ta fara yi mini maganar aikin notari. Na yi dariya, don a gida notari babban lauya ne wanda ya daɗe a aiki, Alƙalin Alƙalai na ƙasa ke naɗa shi. Mu talakawa iyakarmu kotu, a yi mana takardar rantsuwa a buga hatimi. A nan ba haka abin yake ba. A jihar Texas a lokacin, duk wanda ya kai shekara 18, mazaunin jihar, wanda ba shi da mummunan tarihin laifi, zai iya nema a ofishin Sakataren Jiha a ba shi izini na shekara huɗu. Ba sai ɗan ƙasa ba ma. Dā dokar Texas ta ce sai ɗan ƙasa, har wani mutumin Meziko mai suna Efrem Bernal ya kai ƙara, Kotun Ƙoli ta Amurka ta soke sharaɗin a 1984. Albarkacin ƙararsa na ci, don a lokacin katin zama kawai nake da shi.

Aikin notari a nan ɗan kaɗan ne: ka duba katin shaidar mutum, ka tabbatar shi ne, ka tabbatar yana cikin hankalinsa kuma ba tilasta shi aka yi ba, ya sa hannu ko ya amsa cewa sa hannunsa ne, ka rubuta a littafinka, ka buga hatimi. Kuɗin hatimin doka ce ta yanke. A lokacin dala 6 ne sa hannun farko, dala 1 kowane ƙari. Ba a ci da iyali da wannan. Inda kuɗin yake shi ne zama wakilin sa hannu a cinikin gidaje. Idan mutum zai sayi gida, ko zai sayar, ko zai sabunta bashin gidansa, akwai kamfanin da ke tantance mallaka da riƙe kuɗin ciniki, taitil ake ce masa. Su ke turo takardu ta intanet, shafi 100 zuwa 200. Ni zan buga su kwafi biyu, in ɗauka in je gidan mutumin, in nuna masa inda zai sa hannu shafi bayan shafi, in buga hatimi inda ake buƙata, in mayar ta FedEx ko UPS kafin motar ranar ta tashi. Ba ni da ikon in ce masa bashin nan mai kyau ne ko mara kyau. Ya tambaye ni me ya sa kuɗin kaza ya ƙaru, sai in ce mu kira wanda ya ba da bashin. Wannan aikin doka ba ta yanke masa farashi ba. Ciniki ne tsakaninka da mai ba ka.

Na karɓi izinina a ƙarshen 2020. Na sayi takardar lamuni ta dala 10,000 da jihar ta wajabta, wadda jama'a take karewa ba ni ba, sannan na sayi inshorar kuskure wadda ita ce tawa. Na yi jarrabawar ƙungiyar notari ta ƙasa, NNA, aka binciki tarihina, binciken da sai an sabunta shi duk shekara da kuɗina. Na sayi firinta mai aljihu biyu saboda takardun gida gauraye suke zuwa, wasu gajeru wasu dogaye, kuma in ka buga doguwa a gajeriyar takarda ta yanke, an ɓata aiki. Duk wannan na biya shi daga ajiyar aikin dare, ban rubuta ko ɗaya a matsayin jari ba. Kuskuren farko ke nan.

Na shigo a kan gaɓa. A Janairun 2021 kuɗin ruwan bashin gida na shekara 30 ya sauko har kashi 2.65 cikin 100, abin da ba a taɓa gani ba, kowa ya ruga sabunta bashinsa. Wayata ba ta yin shiru. Yawancin aikin ba kai tsaye daga taitil yake zuwa ba, akwai kamfanonin da ke tsakiya, waɗanda a raina dillalai nake kiran su, don aikinsu ke nan: su karɓi aiki da farashi guda, su ba notari da wani farashin, su riƙe la'ada. Saƙo zai shigo wa notari da yawa a lokaci ɗaya, unguwa kaza, ƙarfe kaza, dala 90. Wanda ya riga dannawa shi ya samu. Babu sallama, babu ina kwana, balle taya da sallamawa. Ni dai dannawa nake. Wata rana in yi huɗu, wata rana biyar, ina sa hannu a kan bayan mota a ƙofar gareji da takunkumi a fuska saboda korona. A Fabrairun shekarar, da ƙanƙarar nan ta kashe wutar Texas kwanaki, wutar na dawowa na koma kan hanya. Kuɗi na shiga asusu, ni kuma ina ƙirga abin da ya shiga kawai.

Na san abin da ke ran mai karatu Musulmi tun da na ambaci kuɗin ruwa, don ni ma ya hana ni barci. Hadisin da ya haɗa mai rubuta riba da masu shaidarta cikin tsinuwa ba ɓoyayye ba ne. Na tambayi malamai biyu. Ɗaya ya ce abin da nake shaida shi ne mutumin da ke gabana shi ne mai sunan, ba ni na ƙulla bashin ba. Ɗayan ya ce in nisanta iyakar iyawata. Ban zo nan in yanke wa kowa hukunci ba. Abin da na yi shi ne na riƙa karkata zuwa takardun masu sayarwa, da cinikin kuɗi hannu, da wasiyya, da takardun wakilci, da na kamfanonin Musulunci masu sayar da gida ta hanyar haɗin gwiwa. Ban bar ɗayan gaba ɗaya ba, kuma ba zan ce zuciyata ta gama kwanciya ba.

Shekarar 2022 ce ta tone asirin lissafina. A Afrilu mai yi mana lissafin haraji ya kalle ni ya ce, "Hajiya, kin ware na gwamnati kuwa?" Ban ware ba. Mai aikin albashi ana cire masa tun kafin kuɗin su iso hannunsa. Mai aikin kansa shi zai biya kashi 15.3 cikin 100 na fansho da lafiyar tsufa, ban da harajin kuɗin shiga na tarayya, kuma so ake ya riƙa biya sau huɗu a shekara. Sauƙin da na samu biyu ne: Texas ba ta karɓar harajin kuɗin shiga, sannan ainihin kuɗin hatimi ba ya shiga cikin kashi 15.3 ɗin. Muka zauna da littafina muna ƙirga hatimi ɗaya bayan ɗaya muna ninkawa da 6. Duk da haka sai da na sayar da awarwarona biyu.

Kuɗin ruwa kuma ya fara hawa, kafin ƙarshen shekarar ya haura kashi 7. Masu sabunta bashi suka ɗauke ƙafa. Notari kuwa mun yi yawa, don duk wanda ya ga bidiyon "samu dala dubu a mako" lokacin korona ya sayi hatimi. Tayin dillalai ya sauko daga 90 zuwa 75, zuwa 60, a daidai watan Yuni da galan ɗin fetur ya haura dala 5 a matsakaicin farashin ƙasar.

A cikin watan ne saƙo ya shigo: garin Conroe, ƙarfe 7 na yamma, dala 80. Kwana uku ban sami aiki ba, na danna kafin in gama karantawa. Shafi 158 ne, kwafi biyu 316. Na fita ƙarfe 5 cikin cunkoson tashi daga aiki, na bi Beltway 8 inda kowace ƙofa ke zarar kuɗi daga katin gilashin mota, na hau I-45 na miƙe arewa. Mai gidan dattijo ne mai kirki, tsohon injiniya, ya ce ba ya sa hannu a abin da bai karanta ba. Gaskiyarsa ce. Awa biyu muna zaune, na yi magariba a gefen wani gidan mai. Na iso gida goma da rabi, sai ga saƙon dillalin wai a turo hoton kowane shafi kafin safiya, abin da ba a faɗa ba da farko. Ina tsaye gaban na'ura ina zura takardu har sha ɗaya ta wuce.

Sha ɗayan dare a Houston biyar na asuba ce a Zariya. Na san Inna ta tashi, na kira ta. Ni ce 'yar fari, don haka ba ta kama sunana.

"Ke, lafiya da tsakar dare?"

Na ce lafiya lau, Inna, daga aiki nake, na samo dala 80. Na ma juya mata su zuwa naira don ta ji daɗi.

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Nawa kika sayi gyaɗar?"

Na ce Inna ai aikin nan ba shi da gyaɗa.

"Babu sana'ar da ba ta da gyaɗa. Itace fa? Kuɗin niƙa fa? Yarinyar da ta kai talla, ba a sallame ta ba? Ni ko tukunyar suya sai na cire mata nata, don wata rana za ta huje. Abin da ya rage bayan wannan shi ne naki. In bai rage ba, ki ce albarka ki rufe kwanonki."

Na ajiye waya na ɗauki biro. Hukumar haraji ta Amurka, IRS, tana fitar da ƙiyasin abin da mil ɗaya ke ci wa mota, mai da taya da gyara da tsufa. A rabin farko na 2022 santi 58.5 ne. Na yi mil 110, dala 64 ke nan da 'yan kai. Takarda da garin tawada kusan 13. Kuɗin ƙofofin hanya 8. Jimla 85. An biya ni 80, kuma sai bayan kwana 52, da na tura saƙon tuni sau uku. Awa shida na rayuwata na bayar, na ƙara da dala 5 daga aljihuna, yarana sun kwanta ban gan su ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Abin da ya fi ba ni haushi ba dillalin ba ne. Shi ya taya ne kawai. A kasuwar Sabon Gari ma mai saye zai taya kayan dubu goma a dubu uku, ba a faɗa, mai kaya ya ce albarka, a ƙara ko a wuce. Kalma ce mai daɗi, ka ƙi tayin mutum kana yi masa addu'a. Ni na baro ta a gida. Na ɗauka a ƙasar Bature farashin da ya fito a waya kamar na kanti ne, ba a taɓa shi. Ga kuma kunya irin ta baƙo mai lafazin wata ƙasa da ɗankwali a kai, wanda yake ganin alfarma aka yi masa da aka kira shi.

Washegari na zauna na yi abin da Inna ke yi da ka, ni da takarda. Na fara da kaina: awa ɗaya tawa dala 30, don in ta gaza haka bayan haraji gara in koma ɗaga tsofaffi, can ko ba komai akwai inshorar lafiya. Cikakken aiki a cikin mil 20 daga gidana yana cin awa uku in an haɗa bugawa, dubawa, tafiya, zama da kai wa masu aikawa, 90 ke nan. Mil 40 zuwa da dawowa a sabon ƙiyasin santi 62.5 da zai fara aiki a Yuli, 25. Bugu 15. Inshora, binciken shekara, waya da ranar da firinta za ta huje irin tukunyar Inna, na raba su a kan ayyukan shekara, 5. Ya tashi 135. Takardun mai sayarwa ba su da yawa, na sa 90. Duk mil ɗin da ya haura 20, dala 1 da santi 25. Turo hoton shafuka, 15. In an soke bayan na buga, 25. In na je na zauna mutum ya ƙi sa hannu, cikakken kuɗina, don na yi aikina. Akwai kuma bashin da ake ci a kan darajar gida, wanda tsarin mulkin Texas ya ce ba a sa masa hannu a falon mutum, sai a ofishin mai ba da bashi, ko na lauya, ko na taitil. In sai na kama hayar ɗaki a ofishin lauya, kuɗin ɗakin na kan mai aikin.

Sati uku na farko sun yi zafi. Saƙo ya shigo da 65, in rubuta 135, kafin in ɗaga kai wani ya ɗauka. Maigida ya ce, "Anya ba ki tsaurara ba? Da babu ai gara ba daɗi." Na nuna masa takardar Conroe, na ce wannan ba "ba daɗi" ba ce, babu ce da ɗan ƙari. Bai sake magana ba, ya ƙara awannin aikinsa. Ni kuma na buga kati, na riƙa shiga ƙananan ofisoshin taitil da na lauyoyi a garuruwan Sugar Land da Katy da ke kusa da Houston ina gaisawa. Yawancinsu sun karɓi katin ne don kada su ba ni kunya. Wata ma'aikaciya guda ta kira ni ranar wata Juma'a ta ƙarshen wata, notarin da aka turo musu a araha ya tsallake sa hannu uku kuma ya rubuta kwanan wata ba daidai ba a takardar da ke ba mai sabunta bashi kwana uku ya janye. Lissafin kwanakin nan yana da tarko, Asabar tana ciki, Lahadi da ranakun hutun tarayya ba sa ciki. Na je na gyara. Ta tambayi farashina, na faɗa, ta ce to, ko tayawa ba ta yi ba. Har yau ofishin nan ne rabin aikina. Ayyukana sun ragu da kusan rabi idan aka gwada da 2021, abin da ke saura a hannuna kuwa ya fi.

Da a nan labarin ya tsaya da na fito fes. Amma wanda ya koyi ƙin a cuce shi, bai fa koyi ƙin cuta ba. A farkon 2023 wata mata ta kira ni wajen tara na dare daga wani asibiti. Za a shiga da mahaifinta tiyata da asuba, yana so ya ba ta takardar wakilci a kan asusunsa da gidansa. Muryarta na rawa ta ce, ko nawa ne zan biya. A takardata lissafin a fili yake: hatimi 6, tafiya 50, fitar dare 25, fakin 12, jimla 93. Bakina ya ce 180. Ta ce to. Na je, na yi hira da tsohon na tabbatar ya san abin da yake sa wa hannu, na buga hatimi, ta turo kuɗin tana ta godiya har da rungumata. A mota na kasa kunna rediyo. Abin da dillalin Conroe ya yi mini ke nan, ya ga ina cikin matsi ya taya yadda ya so, sai dai ni na yi wa mai kuka a bakin gadon ubanta. Da safe na mayar mata da 87 ta Zelle, manhajar tura kuɗi ta waya, na rubuta cewa na yi kuskuren lissafi. Wannan ma ba cikakkiyar gaskiya ba ce, ban iya rubuta mata sunan abin ba.

Tun daga ranar nake tura wa kowa farashi a rubuce kafin in tada mota, kuɗin hatimi daban, na tafiya daban, kuma takarda ɗaya ce ga mai gidan bene a Sugar Land da mai ɗaki ɗaya a Alief. Da jihar ta ɗaga kuɗin hatimi zuwa dala 10 a Satumban 2023 na gyara layin nan. Da ƙiyasin mil ya kai santi 67 a 2024, sannan 70 a 2025, na gyara nasa. Ba na jiran raina ya faɗa mini nawa mutum zai iya biya.

Mutanenmu su ne jarrabawa ta daban. Takardar izinin tafiya da yara gida, takardar wakilci don a sayar da fili a Kaduna, wasiƙar gayyatar tsohuwa. "Haba Hajiya, hatimi ne fa kawai, tim, shi ke nan." Da farko ina tuƙa mil 30 in buga kyauta in dawo ina ƙunƙuni, wanda ba sadaka ba ce ba kuma ciniki ba. Yanzu na raba. Wanda ya same ni a harabar masallaci bayan Juma'a da katin shaidarsa, hatimi kyauta ne, na yafe. Wanda yake so in zo gidansa zai biya kuɗin mota kamar kowa. Wani Alhaji ya yi fushi ya ce na zama Baturiya. Bayan wata biyu ya aiko matarsa masallaci da takardun, ta ce, "Maman yara, Alhaji na gaishe ki." Na ce ina amsawa, na buga.

A watan jiya wata yarinya 'yar Nijar, daga Maraɗi, da ta karɓi izininta bana ta zo gidana in nuna mata yadda ake jera takardu. Muna zaune wayoyinmu suka yi ƙara tare. Baytown, ƙarfe 6, dala 60. Na ga yatsanta ya nufi wajen dannawa, na riƙe hannunta. Na jawo takarda na yi mata lissafin Inna, mil nawa, shafi nawa, awa nawa, na nuna mata abin da zai rage. Ta kalli takardar ta daɗe.

"Na gane, Anti," ta ce. "Amma ranar Juma'a zan biya haya, kuma man da ke motar na riga na zuba."

Na saki hannunta. Ta danna, ta samu. Na buga mata takardun a firintata, shafi 284, na ba ta biro biyu masu shuɗin tawada, na ninke takardar lissafin na saka mata a jaka. Na ce ta bi I-10 tun kafin huɗu, kuma ta kira ni in ta fito daga gidan.